Riga ko ƙashi? Fashin baƙi kan jan bulo a ginin ofis na zamani

A birnin Shikago na Amurka akwai wani ginin ofisoshi mai hawa 16 da ake kira Monadnock, wanda aka kammala ɓangarensa na arewa a 1891. Wanda ya tsaya gindinsa zai ga tagogin ƙasa sun shige can ciki kamar an sassaƙa su a jikin dutse. Kaurin bangon a nan ƙasa ya kai ƙafa 6, kusan mita 1.8 ke nan, domin bangon na jan bulo shi ke ɗauke da kansa har da rabonsa na nauyin benaye. Lissafin da masu zanensa, Daniel Burnham da John Root, suka fuskanta ba shi da wuyar fahimta: duk hawa ɗaya da aka ƙara a sama, sai bangon ƙasa ya ƙara kauri. Ita kuwa ƙasan bene nan ne haya ta fi tsada, kuma ga shi bango ya cinye wurin.

Yau idan ka ga sabon ginin ofis na jan bulo, ko da hawansa ya kai na Monadnock, kaurin bulon da idonka ke gani da wuya ya wuce santimita 10. Ba shi ke riƙe da ginin ba, ginin ne ke riƙe da shi. A ciki akwai ƙwarangwal na kankare da rodi, ko na ƙarfe, mai ginshiƙai da dekin, shi ke ɗaukar mutane da tebura da injina. Bulon riga ce da aka sanya wa ƙwarangwal ɗin. Kusan duk wata matsala da mai zanen irin wannan gini zai warware, daga wannan rabuwa ta ƙashi da riga ta samo asali.

Me ya sa ofis musamman ya fi matsa wa wannan rabuwa? Saboda ofis kasuwanci ne da ake aunawa da murabba'in mita. Mai gini yana son filin da zai bayar haya ya yi yawa, ɗan haya kuma yana son fili buɗaɗɗe wanda zai yanyanka yadda ya ga dama, bana ɗakuna goma, baɗi zaure guda. Bango mai ɗaukar nauyi ba ya gusawa, ginshiƙai kuwa ana iya jera su da tazarar mita 7.5 ko 9 a bar tsakaninsu fayau. Ga kuma girgizar ƙasa, wadda ta nuna cewa bulo yana da ƙarfi idan aka danne shi daga sama amma ba ya jure jijjiga ta gefe. Bayan girgizar birnin Long Beach ta 1933, jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa dokokin da suka kawo ƙarshen gina bangon bulo marar ƙarfe a ciki.

Da bango ya huta da ɗaukar kaya, sai masu zane suka ga ai ba dole ba ne ma ya zama bulo. Lever House a 1952 da Seagram a 1958, duka a birnin New York, suka buɗe zamanin ofis mai rigar gilashi, duniya kuma ta bi sahu har ta wuce gona da iri. Gilashi yana shigo da haske, amma yana shigo da zafin rana tare da shi, a lokacin sanyi kuma ya bar ɗumi ya tsere. Sai ka ga an zuba kuɗi an yi bango na gilashi daga ƙasa har sama, ma'aikata kuma sun sauke labule tun safe don su iya ganin allon kwamfuta, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani. A 2013 wani dogon bene da ke lamba 20 a titin Fenchurch na Landan, saboda lanƙwasar gilashinsa, ya tattara hasken rana ya narkar da sassan wata mota da aka ajiye a titi. Wannan ya yi tsanani, amma ya sa mutane da yawa sun sake tambayar ko gilashi ne kaɗai tufar da ta dace da ofis.

A nan akwai wata fahimta da ta yaɗu wadda ke buƙatar gyara. Ana yawan cewa ginin jan bulo ya fi sanyi saboda bulo yana tare zafi. A irin rigar nan ta santimita 10, bulon ba shi ne ke wannan aiki ba. Bulo marar rami yana barin zafi ya ratsa shi fiye da yadda ake zato, kuma yana waje ne, bayan makarin zafin da aka shimfiɗa a cikin bango, saboda haka ɗumin da yake sha da rana ba ya wani daidaita yanayin ɗaki. Ribar da ake samu daga wani wuri take zuwa. Wanda ya zaɓi bulo ya zaɓi bango mai tagogi, maimakon taga guda da ta lulluɓe gini. Gilashi ya ragu, ya koma wajen kashi 40 cikin 100 na fuskar gini ko ƙasa da haka, wanda shi ne iyakar da ƙa'idojin makamashi na Amurka suka saba ɗauka a matsayin ma'auni. Sauran fuskar kuma bango ne da za a iya cusa wa makarin zafi mai kauri.

To, bari mu yanka bangon mu leƙa cikinsa, daga waje zuwa ciki. Farko bulo. Bayansa rata ta iska, aƙalla milimita 50. Sannan makarin zafi, galibi wani abu mai kama da auduga da ake yi daga narkakken dutse, wanda ba ya kama wuta. Sai wata shimfiɗa mai hana ruwa da iska wucewa, sai bangon ciki na bulon siminti ko na siraran ƙarafa da allo, sai filasta da fenti.

Ratar nan ita ce zuciyar al'amarin, kuma dalilin samuwarta zai ba wasu mamaki: bangon bulo mai layi ɗaya yana yoyo. Ko birkilan da ya fi kowa gwaninta ne ya ɗora shi, idan ruwan sama ya zo da iska ya daɗe yana dukansa, sai ya ratsa ta 'yan tsagogin da ke tsakanin bulo da kwaɓi. Masu zane ba sa jayayya da wannan. Sun yarda ruwa zai shiga, sai suka shirya masa hanyar fita. Yana gangarowa ta bayan bulon, ya sauka kan wata shimfiɗa mai gangare da ake sanyawa a ƙasan bango da saman kowace taga, ya fice ta 'yan ƙofofin da aka bari ba kwaɓi tsakanin wasu bulo. Wanda bai sani ba, idan ya ga waɗannan ƙofofi zai ɗauka magini ne ya yi sakaci, har ya sa a toshe. Ranar da aka toshe su, ranar danshi ya samu masauki. Haka nan idan birkila ya bar kwaɓi yana zuba cikin ratar yana taruwa, ya gina wa ruwa gada zuwa bangon ciki, kuma ba mai gani sai bayan shekara biyu ko uku fenti ya fara kumbura.

Rigar da ta kai tsayin bene kuma kaurinta bai wuce faɗin tafin hannu ba, ba za ta tsaya da kanta a gaban iska ba. Ana ɗaure ta da bangon ciki da wasu 'yan ƙarafa marasa tsatsa da ake binne kansu cikin kwaɓi. A ƙa'idar Birtaniya ana sanya aƙalla biyu da rabi a kowane murabba'in mita, a ƙara yawansu a gefen tagogi da ƙofofi. Abu ne mai araha, kuma da zarar an ɗora layin bulo na gaba ya ɓace wa ido har abada. A watan Janairun 2016 iska mai ƙarfi ta yaye bangon waje na makarantar firamare ta Oxgangs a birnin Edinbura na Sikotland, bulo mai nauyin kusan tan 9 ya zubo ƙasa. Allah ya kiyaye, da sassafe ne yara ba su iso ba. Binciken da aka yi ya gano 'yan ƙarafan ba su shiga cikin kwaɓi yadda ya kamata ba, kuma sai da aka rufe makarantu 17 a birnin don a duba bangayensu. Makaranta ce ba ofis ba, amma tsarin bangon iri ɗaya ne.

Sai kuma batun da ya fi ba injiniyoyi ciwon kai, wanda ni a ganina shi ne ya fi daɗin fahimta. Bulo da kankare zaman 'yan marina suke yi, kowa da inda ya sa gaba. Bulo yana fitowa daga wutar da zafinta ke kaiwa digiri 1,000 ko fiye, a bushe ƙarau, daga ranar kuma yake fara shan danshin iska yana kumbura a hankali, da sauri a watannin farko, sannan kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru. Kankare kuwa da ruwa aka haife shi, yana bushewa yana tsukewa, nauyin da ke kansa kuma yana ƙara danne shi. Ƙwarangwal na gajarta, riga na tsawo. Idan aka manne su gam, ɗaya zai tura ɗaya har bulo ya tsage ko ya turo ciki waje, kuma an san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganin shi ne a yanka rigar gunduwa-gunduwa. A tsaye, ana barin tsaga daga sama zuwa ƙasa kusan kowane mita 12, mai faɗin wajen milimita 16, a cike ta da abu mai laushi kamar roba. A kwance kuma ana ɗaura wani ƙarfe mai kusurwa a bakin dekin, kamar kanta, bulon kowane hawa ko na 'yan hawa biyu zuwa uku ya zauna a kansa, a bar 'yar rata a ƙarƙashin kantar domin bulon ƙasa ya samu wurin miƙewa. Nauyin ba wasa ba ne: murabba'in mita na wannan riga yana kai kilo 150 zuwa 200, wato kowane mita na bakin dekin yana ɗauke da fiye da rabin tan a hawa guda. Kuma ƙarfen kantar, tunda ya ratsa makarin zafi ya taɓa kankare, yana zame wa zafi hanyar wucewa, shi ya sa yanzu ake ɗaga shi kan 'yan ƙafafu don makarin ya bi ta bayansa. Gwanin mai zane yana ɓoye waɗannan tsagogi a lungun ginshiƙi ko bayan bututun ruwan sama. Wanda bai damu ba kuwa sai ya bar layin roba ya ratsa tsakiyar fuskar gini kamar tabon wuƙa.

Akwai wani lissafi da ke raba wanda ya san bulo da wanda ya zana hotonsa kawai a kwamfuta. Bulon Birtaniya na yau da kullum tsawonsa milimita 215 ne, faɗi 102.5, tsayi 65. Da kwaɓi na milimita 10, kowane bulo yana cin 225 a kwance da 75 a tsaye, guda 60 ke cika murabba'in mita. Shi kuma ofis a can an saba tsara shi kan ma'aunin mita 1.5, domin silin da fitilu da allunan raba ɗakuna duk a kan haka ake ƙera su. Raba 1,500 da 225, ba zai tafi daidai ba, bulo shida ne da ɓari. Amma tazarar ginshiƙai ta mita 9 bulo 40 ce cif, ta mita 7.5 kuwa tana barin ragowa. Haka a tsaye: hawa mai mita 3.75 layi 50 ne daidai. Wanda ya yi wannan lissafi tun farko, tagoginsa za su faɗa kan cikakken bulo ko rabi. Wanda bai yi ba, birkila zai wuni yana yanka, gefen kowace taga ya cika da 'yan guntaye, kuɗi ya tafi, ido kuma ya ji wani abu bai zauna ba ko da mai kallon bai san mene ne ba.

Kyan fuskar ginin bulo, a nawa ra'ayin, rabinsa inuwa ce. Idan aka manna gilashin taga daidai da fuskar bulo, ginin sai ya yi kama da kwali da aka buga wa hoton bulo. Idan aka tura tagar ciki da tsawon bulo guda, sai bango ya nuna kauri, inuwa ta riƙa yawo a kansa daga hantsi zuwa la'asar, gilashin kuma ya samu ɗan rufi daga rana. Sauran rabin kuma kwaɓi ne, wanda mutane ke rainawa. A bulon da muka auna a sama, kwaɓi yana cin kusan kashi 17 cikin 100 na abin da ido ke gani. Bulo iri ɗaya da farin kwaɓi da kuma baƙi, sai ka rantse gini biyu ne daban. Frank Lloyd Wright, shahararren mai zanen gine-gine na Amurka, ya san wannan sarai: ya saba ƙwaƙule kwaɓin kwance ya zurfafa shi don layukan gini su miƙe a ido. A hedikwatar kamfanin Johnson Wax da ya zana a garin Racine na Amurka, wadda aka buɗe a 1939, sai da aka ƙera bulo mai siffa daban-daban fiye da 200 domin bangon ya lanƙwasa ba tare da kusurwa ba. Launin bulon kansa daga yumɓu da wuta yake: ƙarfen da ke cikin yumɓu shi ke ba da ja, yawan farar ƙasa ya ja shi zuwa rawaya, ƙarancin iska a cikin tanderu kuma ya duhunta shi. Da irin bulon nan mai duhu da ya sha wuta sosai, guda miliyan 4.8, Fritz Höger ya lulluɓe Chilehaus a birnin Hamburg na Jamus tsakanin 1922 da 1924, ginin ofisoshi mai tsinin goshi kamar jirgin ruwa, wanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2015. Shi ma ƙashinsa kankare ne.

Wannan ya kawo mu ga gardamar da masu zane suka daɗe suna yi. Louis Kahn, wanda ya zana cibiyar koyon harkar gudanarwa ta Ahmedabad a Indiya, ya shahara da labarin da yake ba ɗalibansa cewa ya tambayi bulo abin da yake so, bulo ya ce baka yake so, wato lanƙwasasshen ginin saman ƙofa ko taga. Ya ce masa baka na da tsada, ga lintal na kankare mai sauƙi, bulo ya sake cewa shi dai baka. Manufarsa a bar kowane abu ya yi aikin da ya dace da halittarsa. A bisa wannan ma'auni, yawancin ofisoshin bulo na yau ba su ci jarrabawa ba, domin za ka ga bulo a jere a saman taga mai faɗin mita uku ba baka ba komai, har da wanda ke rataye a ƙarƙashin rufin ƙofa yana kallon ƙasa, alhali ƙarfe ne a ɓoye ke riƙe da shi. Ni ban ɗauki riga a matsayin ƙarya ba, muddin ta yarda ita riga ce. Inda nake ja da baya shi ne yankakken bulo mai kaurin kusan milimita 20 da ake liƙawa da gam a jikin allo. Yana da sauƙin nauyi, yana da sauri, ba ya buƙatar birkiloli da yawa a lokacin da gwanayensu ke ƙaranci. Amma abin da ya sa ake son bulo tun asali shi ne yana shekara ɗari yana ƙara kyau, shi kuwa wannan tsawon ransa tsawon ran gam ɗin ne. Wanda aka zuba kankare a bayansa tun a masana'anta, ko aka saƙale shi a kan ƙarfe, ya fi kwantar da hankali.

Ta fuskar hayaƙin da ke ɗumama duniya kuwa, bulo ba shi da bakin yin alfahari. Gasa shi na cin makamashi mai yawa, ga simintin kwaɓi, ga ƙarafan da ke riƙe da shi. Hujjarsa guda ce, daɗewa, kuma hujjar tana rushewa idan aka rushe ofishin bayan shekara 40 saboda silin ya yi ƙasa ko wayoyin zamani sun rasa hanya. Ko an rushe ɗin ma, bulon da aka ɗora da kwaɓin farar ƙasa ana iya kankare shi a sake gini da shi, na siminti kuwa sau da yawa bulon ke fashewa kafin kwaɓin ya saki. A Kopenhegan ta ƙasar Denmark, kamfanin zane na Lendager ya kauce wa wannan ta hanyar yanko tsofaffin bangaye, ciki har da na masana'antar Carlsberg, fale-fale masu kimanin mita ɗaya, ya jera su a fuskar sababbin gidaje.

Duk da haka bulo mai ɗaukar nauyi bai mutu ba. A garin Lustenau na ƙasar Ostiriya, Dietmar Eberle da abokan aikinsa sun gina wa kamfaninsu ofis mai hawa 6 a 2013, suka sa masa suna 2226, domin alƙawarin da suka ɗauka shi ne zafin cikinsa zai tsaya tsakanin digiri 22 da 26 duk shekara, ba na'urar ɗumama ɗaki, ba ta sanyayawa, ba bututun hura iska. Bangon layi biyu ne na bulon yumɓu mai ramuka, kowanne santimita 38, jimilla 76. Na ciki ya fi tauri, shi ke ɗaukar gini, na waje ya fi yawan ramuka, shi ke tare sanyi da zafi. Ɗumin da ake buƙata daga jikin ma'aikata yake fitowa, da kwamfutoci da fitilu, bango da dekin su sha su riƙe. Silin ɗakunan yana can sama, tagogin sun shige ciki. A gefen kowace taga akwai 'yar ƙofar katako da kwamfuta ke buɗewa idan na'urorin aunawa sun ji iskar ɗaki ta gurɓata ko zafi ya taru, da rani kuma a buɗe su cikin dare ginin ya huce.

Dabarar tana da sharuɗɗa. Tana son wurin da dare ke yin sanyi, domin inda zafi da gumi ke kwana har asuba, bango mai kauri ba ya samun lokacin sauke abin da ya ɗauka. Tana son gini marar tsayi sosai, in ba haka ba a koma gidan jiya, matsalar Monadnock. Tana kuma son mai gini da zai haƙura da filin hayar da santimita 76 ke cinyewa a kewayen kowane hawa. Wanda ya je Lustenau neman jan bango kuwa ba zai same shi ba. An shafe bulon ciki da waje da filastar farar ƙasa, mai wucewa a titi farin gini kawai yake gani mai kusurwa huɗu da layukan tagogi.